Ruwa Ya Yi Gyara, Amma Shinkafar Tana Ƙarƙashinsa

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san gaisuwar damina: a ce maka "ya ruwa?", ka amsa da "ruwa ya yi gyara", ko da kuwa a daren jiya ya rusa maka katanga. A watan Satumban 2022 na kira baffana, wanda yake noma a wani ƙauye tsakanin Auyo da Haɗejia, daga nan Holan inda neman abinci ya kawo ni, na ce, "Baffa, barka da damina, ya ruwa?" Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To, ɗan nan, ruwa dai ya yi gyara, amma shinkafar tana ƙarƙashinsa." A waccan shekarar ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Abin da ya sa wannan magana ta tsaya mini a rai shi ne ƙasar da nake zaune a cikinta ta fi Jigawa zama a bakin haɗarin ruwa nesa ba kusa ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Holan yana ƙasa da tsayin ruwan teku, wato da a ce an fasa jingar da ta tare tekun, da garuruwa da yawa sun zama gidan kifi. Faɗinta bai kai ninki biyu na Jigawa ba, amma in ana maganar kuɗin kayan gona da ake fitarwa waje, tana cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya. Sauyin yanayi kuma bai ƙyale ta ba. A 2018 fari ya kama ta har aka hana manoma a wasu yankuna ɗiban ruwan rafi domin ban-ruwa, dankali da albasa suka yi ƙaranci, kuma tun da Senegal na cikin manyan masu sayen albasarta, ƙarancin bai tsaya a Turai ba. A Yulin 2021 ruwan sama irin wanda ba a saba gani ba ya kashe fiye da mutum 180 a Jamus, ya malalo kudancin Holan ya yi ɓarnar dukiya mai yawa, amma a ɓangaren Holan ba a rasa rai ba.

Mutanenmu sukan ce ai su masu kuɗi ne, kuma gaskiya ne, suna da shi. Sai dai a ganina akwai abin da ya riga kuɗin zuwa. Tun ƙarni na 13 manoman ƙasar suke da majalisun ruwa, waɗanda yanzu guda 21 ne, kuma kowacce tana karɓar harajinta, ana zaɓen wakilanta duk shekara huɗu, manyan ayyukanta kuma sun haɗa da kula da jinga da magudanai da tsayin ruwa a yankinta. Ni kaina takardar wannan haraji tana zuwa mini duk shekara, alhali ko taku ɗaya na gona ba ni da shi a nan. Bayan ambaliyar teku ta 1953, wadda ta ci rayuka sama da 1,800, sun shafe shekaru suna gina manyan madatsai, sannan da koguna suka cika a 1995 har aka kwashe mutum kusan 250,000 daga gidajensu, sai suka gane cewa ɗaga jinga kaɗai ba zai isa ba, suka koma matsar da ita baya a wasu wurare domin kogi ya sami inda zai shimfiɗe idan ya kawo, ana biyan masu gonakin diyya.

A wajenmu kuwa ruwa ba shi da mai shi a matakin da manomi zai iya kai kuka. An gina madatsar Tiga a 1974, bayan babban farin farkon shekarun 1970, aka ƙara ta Challawa a 1992, kuma ba wanda zai musa amfaninsu idan ya ga shinkafar Kura da tumatirin Kadawa. Amma sun sauya tafiyar kogin Haɗejia, wanda da yakan cika a marka ya janye da rani, ya koma mai gudana kusan duk shekara, sai kacalla ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa Nguru, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi a kai. Yanzu da damina ta rikice, ruwan shuka ya sauka sannan ya ɗauke mako biyu ko uku har tsiron ya ƙone a sake neman iri, daga baya kuma ruwan wata guda ya zubo cikin 'yan kwanaki, sai ya tarar da kogin da ya riga ya cushe. Mai gonar tudu yana kukan fari, mai fadama yana kukan ambaliya, wani lokaci a shekara ɗaya kuma a gunduma ɗaya. Matasa sukan fito gayya su cika buhuna da ƙasa su tare bakin gari, amma gayya aikin kwana biyu ce, kogi kuwa yana bukatar mai kula da shi rani da damina.

Nan ne maganar wadatar abinci a duniya take shigowa gidanmu. Idan fari ya taɓa gonar mutumin Holan, ribarsa ce take raguwa, amma abincin darensa yana kanti, kuma ƙasarsa tana da kuɗin sayowa daga ko'ina. Idan ruwa ya ci gonar baffana, rumbunsa ne ya tafi, da irin baɗi, da abin biyan bashin takin zamani, sannan ya shiga kasuwa a matsayin mai saye daidai lokacin da kwanon hatsi ya fi tsada. Kasuwar kuma ba ta Dawanau ko Maigatari kaɗai ba ce. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashin alkama da taki, alhali mafi yawan alkamar da ake yi mana burodi da taliya daga waje ake shigo da ita. A Yulin 2023 Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta dakatar da fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba domin kare farashin cikin gida. Kowace ƙasa, idan ta ga alamar ƙaranci, bakin rumbunta take fara rufewa.

An daɗe ana cewa Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba, kuma a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Masar a 2022 an amince da kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa. Haƙƙinmu ne mu nema, amma mai jiran wannan kuɗi kafin ya gyara magudanar ruwa, damina da yawa za su same shi a zaune. Ba na kuma cewa mu kwaikwayi Holan a komai, domin yawan shanunta da takinta sun gurɓata mata ƙasa da ruwa, har batun ya fito da manoma kan titi da taraktocinsu tun 2019. Geronmu ya fi yawancin amfanin gonarsu jure ƙishirwa, kuma maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin hekta ta hanyar barin gawo da sauran itatuwa su sake tofowa a cikin gonaki.

Abin da nake ganin ya kamata mu ɗauko shi ne majalisar ruwa ta waɗanda ruwan yake ci: garuruwan da ke kan hannun kogi ɗaya su haɗu, da dagatai da sarakunan noma da masunta da makiyaya, a yanka wa kowa abin da zai bayar da kaka, ko da kwano biyu na shinkafa ne, a karanta lissafinsa a bainar jama'a, a riƙa yanke kacalla da gyaran jinga tun cikin bazara, kuma a ba su kujera a inda ake yanke shawarar sakin ruwan madatsai. Da na kawo wa baffana wannan magana, sai ya ce shi bai ƙi ba, amma in fara gaya masa wanda zai riƙe buhunan. Bana ya raba ƙarfinsa biyu, rabi a fadama, rabi ya yi aron gona a tudu ya shuka gero da riɗi.