Da alƙaluman wa za a auna riɗinmu?

Wallahi abin ya ishe ni. Mai sayen riɗinmu a Turai ya turo saƙo cewa ba zai ƙara karɓar kaya ba sai da rahoton da ke nuna nauyin da kayan ya ɗora wa muhalli, tun daga ranar shuka har ya sauka a tashar jirgin ruwa. Shi ne abin da suke kira LCA. Ban ga laifinsa ba. Haƙƙinsa ne ya san abin da yake saya, kuma aikin yana da ƙa'idojinsa a rubuce, ISO 14040 da ISO 14044, waɗanda ake aiki da su tun 2006. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a garin da ke da kasuwar Dawanau, inda riɗi ke fita tirela-tirela, sai ka nemi mutum guda da zai yi maka wannan lissafi tsakani da Allah ka rasa.

Masu kiran kansu ƙwararru kam ga su nan birjik. Wanda aka haɗa ni da shi ya yanka kuɗinsa da dala, aka biya rabi, ya ɓace, sannan ya turo rahoto mai sheƙi da zane-zane kala-kala. Ko gona ɗaya bai taka ba. Ina buɗewa na ga an rubuta man tarakta da ruwan ban-ruwa. Wace tarakta? Manomanmu na Jigawa da garmar shanu suke huɗa, ruwan sama suke jira, da lauje suke yanka, su ɗaure dami su jingine a rana har ya bushe a kakkaɓe. A wajen injin tace riɗi kuma ya sa wutar gwamnati, alhali duk unguwar ta san ƙarar janaretarmu. Kowace lita ta dizal idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, kuma rasit ɗin man yana nan a ofis, bai ko tambaya ba. Da na kira shi sai ya ce, "Haba Alhaji, haka ake yi ko'ina, ba wanda zai duba." Ba wanda zai duba? Sunan kamfaninmu ne a kan takardar! Ya ɗora mana hayaƙin da ba mu fitar ba, ya ɓoye wanda muka fitar, sannan yana jiran cikon kuɗinsa.

Sai na ce bari mu gwada da kanmu. Manhajar openLCA, wadda ake yin wannan lissafi da ita, kyauta ce, kowa na iya saukewa. Amma manhaja ba ta noma alƙaluma, sai an zuba mata. Babban rumbun alƙaluman da aka fi dogara da shi a duniya shi ne ecoinvent na ƙasar Suwizalan, mai ɗauke da bayanai sama da 20,000, ana sayen lasisinsa da kuɗin waje, ga yadda naira take. Na Faransa, Agribalyse, kyauta ne, sai dai don abincin da ake ci a Faransa aka gina shi. Inda babu bayanin ƙasarku, sai ka ɗauki matsakaicin sauran duniya ka liƙa. Ba na zargin masu rumbunan nan, abin da aka auna aka kai musu shi suke ajiyewa. Mu ne ba mu auna ba, ba mu kai ba. Kamar a ɗinka maka riga da awon wani ne, sannan a ce ka sa ka fita kasuwa.

Kuma kada wani ya ce bambancin ƙanƙane ne. Ɗauki takin zamani kawai. A ƙa'idar IPCC (kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya) ta 2006 ana ɗauka kashi 1 cikin 100 na naitirojin da aka zuba a gona yana tashi sama a matsayin iska mai ɗumama duniya. Da aka yi gyara a 2019 sai aka ware wurare masu ƙarancin ruwa, aka ba su rabin haka. Wanda bai san wannan ba, ko bai damu ya duba ba, ya ninka wa manomin Maigatari laifi ke nan a kan takarda.

Manomin ma ba ya rubuta komai, kuma wa ya taɓa ce masa ya rubuta? Na tambayi wani dattijo, "Baba, buhu nawa na taki ka zuba?" Ya ce, "Ɗana, buhu ɗaya muka raba ni da ƙanena, nawa kuma har geron da ke tsakanin riɗin ya sha." To, nawa za a ɗora wa riɗi, nawa wa gero? ISO 14044 ta tanadi yadda ake irin wannan rabo, amma sai wanda ya iya, ya kuma yarda ya zauna a gindin bishiya da manomi yana tambaya.

Ofisoshin da ya kamata su riƙe alƙaluman noma, nan ne ma takaicin ya fi. Ka rubuto takarda. Ka rubuta, oga ya yi tafiya. Oga ya dawo, wanda ke riƙe da fayil ɗin an canja masa wurin aiki. A jami'o'i kuwa ɗalibai sun auna ƙasa, sun auna amfanin gona, sun auna man da injina ke sha, an ɗaure kundin an jibge a kanta ƙura na ci, ba a sa a intanet ba.

Su kuwa masu saye ba jiranmu suke yi ba. Tun Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta fara neman lissafin kabon a kan siminti, ƙarfe, alminiyam da takin zamani da ake shigar mata. Riɗi ba ya ciki, amma 'yan kasuwa sun riga sun ɗauki ɗabi'ar. Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba: ƙungiyar masu fitar da riɗi da zoɓo ta haɗa kuɗi, ta ɗauki malaman aikin gona da injiniyoyi na jami'o'inmu, a bi gonaki kaka biyu ana rubuta taki da mai da buhunan da aka samu, a lissafa dizal ɗin tirela daga Kano zuwa tashar jirgin ruwa ta Apapa, a buga a fili kowa ya ɗauka. Duk wanda zai karɓi kuɗi da sunan ƙwararre kuma, ya fara nuna gonar da ya taka.