Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya a Kan Jikokinsu

'Yan uwana matasa, wata ɗabi'a ta yaɗu a tsakaninmu wadda ya kamata mu duba ta da idon basira. Idan dattijo ya rasu a gida, kafin a gama yi masa sutura hotonsa ya riga ya cika Facebook da WhatsApp, kowane jika yana rubuta cewa bango ya faɗi, amma da za a tare ɗaya daga cikinsu a tambaye shi inda marigayin ya yi ƙuruciyarsa, ko dalilin tabon da ke ƙafarsa, da wuya a sami amsa. Addu'ar da ake rubutawa alheri ce, Allah ya karɓa. Sai dai mutumin da ya shekara casa'in ko ɗari a duniya ya fi ƙarfin hoto ɗaya da layi biyu, balle kuma idan ya taɓa sa kaki ya fuskanci harsashi.

Kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, ya rasu yana gab da cika shekara ɗari, kuma yana cikin samarin da aka ɗiba aikin soja a yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu suke kira yaƙin Hitila. Turawan Ingila sun bi ta hannun sarakuna da hakimai wajen neman mutane, wasu suka shiga da son ransu saboda albashi, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su, ba su da ta cewa. A shekarar 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da sojojin Najeriya da Ghana ta yau da Saliyo da Gambiya, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can aka tura su Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, domin su kara da sojojin Japan. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka yi aiki a wancan fagen, kuma Hausa ce harshen da sojojin Najeriya suka daɗe suna amfani da shi a bariki, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta.

Ku yi tunanin saurayin da ya tashi a ƙasar gero da dawa, bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinsu ba, a ce yau shi ne a kwarin kogin Kaladan, cikin duwatsu da surƙuƙin gora na yankin Arakan, inda ruwan sama ke zuba ba ƙaƙƙautawa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga matsattsaku, ga abokin gaba da ba a ganinsa sai ya yi harbi. Mota ba ta shiga yawancin wuraren, saboda haka jiragen sama ne suke jefo abinci da harsasai da laima, mutane kuma su ɗora a ka su hau dutse da su. Wannan ɗaukar kaya ta yi yawan da har tambarin runduna ta 82 gammo ne da masu biyu a gicciye. Kakana yakan ce yunwa da jiƙewa sun fi bindiga cin mutum a can, kuma har ya bar duniya ba ya iya kallon yaro yana zubar da tuwo ya yi shiru.

Abin takaici shi ne muna wuce wannan tarihi kullum ba mu gane shi ba. Barikin Dodan na Legas, inda shugabannin soja suka zauna suna mulkin ƙasa kafin a koma Abuja a 1991, sunan wani wuri ne a Burma. Haka barikin Myohaung da ke Yaba, wanda ke tuna garin da sojojinmu suka ƙwace a watan Janairun 1945, haka Kalapanzin da Dalet a Kaduna, haka Letmauk a Ibadan. Barikin Chindit na Zariya kuwa ya samo suna daga dakarun da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944, waɗanda bataliyoyin Najeriya uku suna cikinsu. Ɗalibi ya gama jami'a a Zariya bai san wannan ba, alhali mai yiwuwa kakansa yana cikin waɗanda aka sauke.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, yawancinsu sai a 1946 suka dawo, kuma kuɗin sallamar da aka ba su bai kama ƙafar na Turawan da suka kwana rami ɗaya da su ba. Wasu suka zama masu gadi, wasu masinjoji, wasu 'yan doka. Kakana tuƙin mota ya koyo a soja, da shi ya riƙe iyali har ƙarfinsa ya ragu ya koma gona. Ban taɓa jin ya yi alfahari da kisa ba, kuma babu abin da ke ɓata masa rai kamar ya ji yaron da bai taɓa ganin gawa a daji ba yana kiran a yi yaƙi. Masu hura wutar ƙabilanci a intanet su ji wannan da kyau. Abin da muka gani a jikinsa shi ne kiyaye lokaci, domin ladan bai taɓa riga shi zuwa masallaci da asuba ba sai da ciwo ya kwantar da shi, da cika alkawari, da riƙon amana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda rayuwarsa ta yi tsawo aikinsa ya yi kyau, kuma muna kyautata zaton Kaka ya shiga cikinsu.

To, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 yau ya kai ɗari ko ya haura, saboda haka waɗanda suka yi yaƙin Burma sun kusa ƙarewa. Amma waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 suna nan a zaurukanmu sun manyanta, waɗanda suka je Laberiya da Saliyo a shekarun 1990 su ma furfura ta kama su. Al'adarmu ta ba jika damar da ba ta ba ɗa ba, domin akwai wasa tsakanin kaka da jika, kuma abin da tsoho zai ji nauyin faɗa wa ɗansa yakan saki baki ya faɗa wa jikansa. Ku yi amfani da wannan damar. Ku zauna da shi bayan la'asar, ku nemi izininsa ku ɗauki muryarsa a wayar nan da kuke kallon wasan barkwanci da ita, ku tambaye shi sunan bataliyarsa da garuruwan da ya bi da abokan da ya binne. In ya zo wani wuri ya yi shiru ya sunkuyar da kai, kada ku matsa masa, ku canza zance ku dawo wata rana.

Takardar sallama da lambobin girma da tsofaffin hotuna kuma ku fito da su daga ƙarƙashin gado kafin gara da yoyon damina su cinye su, ko wani yaro ya kai wa 'yan gwangwan. Ku ɗauki hotonsu ku rarraba wa dangi, ku rubuta sunan kowa a bayan hoton tun akwai wanda zai iya shaida fuskokin.

Wanda kakansa ya riga ya rasu, addu'a da sadaka suna isa gare shi, sannan akwai zumuncin da ya bari. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa ba wani baƙauye jakinsa da rawaninsa a hanyar Makka, ba don komai ba sai don mahaifin mutumin aminin Umar ne. Abokan aikin kakanninmu sun bar mata da 'ya'ya, wasu suna cikin ƙunci, kuma furannin da manya suke ajiyewa ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ba sa isa tukunyarsu. Ku binciko gidajen nan ku kai gaisuwa da ɗan abin hannu. Wanda kuma nasa kakan yake raye yana karɓar fansho, ya riƙa duba masa sanarwar tantancewa, ya haɗa masa takardunsa, ranar da za a je ya ɗauke shi ya kai shi, ya tsaya masa a layi har a kira sunansa.