Jaririn da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni ba ya bukatar a jira shi

"A bar shi, kowane yaro da lokacinsa." Wannan magana tana kwantar wa uwa hankali, amma takan cinye wa wasu jarirai watannin da suka fi bukata. Ina magana ne kan shanyewar gaɓɓai da ke biyo bayan raunin ƙwaƙwalwa, wadda ke samun kimanin jarirai 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000. Doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, haihuwar bakwaini, ciwon shawara da ya yi tsanani, sanƙarau, duk suna jawo ta.

Raunin ba ya warkewa, haka kuma ba ya ƙaruwa. Duk wanda ya yi alkawarin maganin da zai kawar da shi gaba ɗaya, aljihun iyayen yake hari. Abin da ake iya sauyawa shi ne yadda yaron zai sarrafa jikinsa, domin a shekaru biyu na farko ƙwaƙwalwa tana kan haɗa hanyoyinta, sashen da ya tsira kan koyi wani abu daga aikin wanda ya lalace. Sai dai fa da atisaye: gashin ƙashi, wato motsa gaɓɓai a hannun ƙwararru, sannan wasa a gida kullum, a sa masa abu a gefen hannun da yake ƙyalewa har ya miƙa da kansa. Idan aka yi sakaci, jijiyoyi su ɗaure, ƙugu ya goce, abin da gashi zai gyara ya koma na tiyata.

Alamun suna nan a gaban mai wanka da goyo. Wata huɗu wuya bai tsaya ba. Hannu a dunƙule kullum. Ka ɗaga shi, ƙafafu su sanƙare su harɗe kamar almakashi. Ko ya fifita hannu ɗaya tun bai cika shekara ba, har a riƙa cewa bahago ne.

A nan nake ganin laifin ma'aikatan lafiya ya fi na iyaye. Tun 2017 ƙwararru suka nuna ana iya gano larurar kafin wata shida, ta hanyar lura da motsin jariri, gwajin jijiyoyi da hoton ƙwaƙwalwa, amma har yau akwai masu cewa a dawo in ya shekara biyu. Na san suna gudun tayar da hankali a banza, to amma gashi ba ya cutar da yaro mai lafiya.

Fiye da rabin waɗannan yara suna tafiya, wasu da abin dogarawa, kuma wanda ya iya zama da kansa kafin shekara biyu galibi yakan taka.