Dabino a Albakerki: a auna daren da ya fi sanyi kafin a haƙa rami

Albakerki, birni mafi girma a jihar Niyu Meksiko ta Amurka, hamada ce, amma tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600. Ruwan shekara bai cika kai milimita 250 ba, kuma da rana ta faɗi sai busasshiyar iska ta saki zafin ƙasa. A Fabrairun 2011 sanyi ya kai kusan digiri 22 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyus. Da irin wannan dare ya kamata mai son dasa dangin dabino ya yi lissafi, ko da sau ɗaya yake zuwa cikin shekaru masu yawa, domin itacen da aka yi shekara goma ana raino dare ɗaya ya ishe shi.

Babban laifin mutuwar irin waɗannan itatuwa na masu sayar da dashe ne. Suna tallan Washingtonia robusta, wani dangin dabino ɗan asalin Meksiko, don yana da araha da saurin tsayi, alhali ganyensa kan ƙone tun daga digiri 7 ƙasa da sifili. Dabinon da muka sani ma haka yake. Ɗan'uwan robusta, wato filifera na Kalifoniya, ya fi shi juriya nesa ba kusa ba. Trachycarpus na ƙasar Sin yana ɗaukar kusan 15 ƙasa da sifili, sai dai zafin rana da iska na yayyaga masa ganye. Mun fi amincewa da masu fitar da 'ya'ya daga gindi, irin su Mazari na Afganistan da Fakistan da kuma Chamaerops: uwa ta mutu, 'ya'ya su taso.

Dalilin yana cikin halittar itacen. Tsiro ɗaya tak gare shi, a can tsakiyar kai. Idan ruwa ko ƙanƙara ta kwanta a wurin ta daskare, tsiron ya ji rauni, sai ruɓa ta biyo baya. Shi ya sa jiƙaƙƙen sanyi ya fi busasshe kisa, kuma naɗe kan da leda kuskure ne, don tana tara gumi. Buhun algarara ko bargo ya fi. A tattara ganyen a ɗaure, a naɗe, a kwance da zarar sanyin ya wuce.

A dasa a watan Mayu, saiwa ta samu dukan lokacin zafi ta kama. A zaɓi gindin katanga mai fuskantar kudu, wadda ke shan rana ta kuma tare iskar arewa. Ramin ya ninka faɗin tukunyar dashen sau biyu, zurfinsa daidai da ita, ƙasar kuma ta zama mai tsane ruwa. A rufe gindi da ɓawon itace mai kaurin santimita 10. Da hunturu ban ruwa sau ɗaya ko biyu a wata ya isa, da rana tsaka.

Bayan sanyi kada a yi gaggawar sare busasshen ganye, rufin asirin tsiron ne. A ja ganyen tsakiya a hankali. In ya zaro da wari, a tsane ramin da ya bari a kan itacen, a zuba maganin ruɓa mai sinadarin jan ƙarfe, a hana ruwa shiga, a jira har Yuli kafin a yanke hukuncin tuge shi.