Takalmi ƙafa 60 a bakin boda

Ni fa ba wani babban ɗan kasuwa ba ne. Takalma ne ƙafa 60 a buhu guda, ɗinkin hannu, samansu fata, ƙasansu tsohuwar taya. Wani abokina ya ce a tsallaken iyaka rububinsu ake yi, shi ne na ɗauko da sassafe. A lissafina, kafin rana ta faɗi na dawo gida da kuɗina.

A taga ta farko jami'in kwastan ya miƙo mini fom, ya ce in rubuta lambar kaya. Na rubuta 60.

"Malam, lambar kaya na ce, ba adadinsu ba."

Ashe duk abin da ake tsallaka iyaka da shi yana da lambarsa. Tsari ne na Hukumar Kwastan ta Duniya, tun 1988 ake aiki da shi, kuma da lambar ake yanke kuɗin fito. Takalmi a babi na 64 yake: mai saman fata 6403, na roba sama da ƙasa 6402, mai saman yadi 6404. Jami'in ya ɗauki ƙafa ɗaya, ya juya, ya shinshina, ya kira na kusa da shi. Wannan ya ce fata ce, wancan ya rantse leda ce aka yi wa fenti. Ni da aka yanka fatar a gabana, ba wanda ya tambaye ni.

Da aka daddale a kan 6403, sai aka ce saura takardar shaidar asalin kaya, in ba ita babu rangwamen da ake yi wa kayan maƙwabta. Ofishin yana can ƙarshen harabar.

"A ina aka yi su?"

"A ƙasarmu, ranki ya daɗe."

"Tayar fa?"

Na ce, "Hajiya, tayar nan ta shekara nawa tana yawo a ƙarƙashin mota, ko ita kanta ta manta garinsu." Ko murmushi ba ta yi ba.

Daga nan aka shiga kai-kawo. A kawo kwafi uku. Na kawo, aka ce hatimi yana hannun oga, oga ya fita. Oga ya dawo, netwok ya ɗauke. Abin da ya fi ba ni haushi, mai tirela da ke gefena takardunmu kusan iri ɗaya ne, amma shi yana kwance a inuwa, ejan ɗinsa ne ke zirga-zirgar. Ladan ejan a kan kayan tirela ba a ma jin sa, a kan buhuna kuwa har uwar kuɗi zai taɓa. Ranar na daina zagin masu bin ɓarauniyar hanya.

Ejan ɗin ne ma ya lallashe ni, wai tun 2017 yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta fara aiki, har ta buƙaci ƙasashe su yi ƙoƙari ɗan kasuwa ya riƙa miƙa takardunsa ta taga guda. Ni dai tagogi biyar na ƙirga.

A zuwa na bakwai takalmin ƙafata ya tsinke. Na ce mai takalma ƙafa 60 ba zai yi tafiya ba takalmi ba. Na zaro ɗaya a buhu na saka.

Da yamma lis na isa ɗaya ɓangaren, takardu cif. Jami'insu ya zazzage buhu ya ƙirga: 59.

"Ina ɗaya?"

"Ga shi a ƙafata, yallaɓai."

"Takarda ta ce 60."

Nan take na tuɓe, na kakkaɓe, na jefa cikin 'yan'uwansa, ina tsaye ƙafa a ƙasa ina washe baki. Ya ɗauko shi da yatsa biyu, ya duba ƙurar da shatin diddigena.

"Wannan ai gwanjo ne. Gwanjo lambarsa daban, 6309. Koma taga ta farko a gyara."

Na waiwaya, daidai lokacin ana janyo mata ƙyaure.