Ragowar taki ba ya zama ajiya a ƙasa

Masu lambun alayyafo a wajajen Ojo, a Legas, sukan ce takin da shuka ba ta ci ba yana nan a ƙasa, shuka ta gaba za ta amfana. Ba haka ba ne ga takin zamani na yuriya, 'yan uwa. Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, wato sinadarin da ke ciyar da shuka, kuma ƙwayoyin halittar ƙasa kan juya shi zuwa naitiret, wani nau'insa mai bin ruwa, wanda rairayin Legas ba ya iya riƙewa. Mamakon watan Yuni sai ya wanke shi zuwa kwata, daga nan rafi. Can masu awon ruwa ke tarar da shi, yana ciyar da ciyawar nan mai kama da kainuwa da ke tare wa jiragen ruwan Ikorodu hanya. Abin da ciwo, kuɗinka ne ruwa ya kwashe. Gara ka raba buhun, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan.