Faɗin ƙirji ba ya mayar da mutum koci

Na daɗe ina haɗiye wannan maganar, saboda yawancin waɗanda za ta taɓa abokaina ne. Wasu ma tare muka fara ɗaga ƙarfe a bayan gida, lokacin da kayan aikinmu bai wuce rodi ɗaya da gwangwanin madara biyu da aka cika da siminti ba. Amma abin da ya sami ɗan yayata a watan Afrilun da ya wuce ya sa na ga shirun ya isa haka.

Yaro ne ɗan shekara 19, yana shirin zuwa tantancewar shiga soja. Ya biya kuɗin wata a wani gidan motsa jiki da ke unguwarsu. Ranar farko, ƙarfe huɗu na yamma, rufin kwano, ba wuta balle fanka ta juya, kocin ya ɗora masa ƙarfe a kafaɗa ya ce ya yi ta tsugunawa yana miƙewa. Da ya gama aka ce tsallen kwaɗo, daga ƙofa zuwa bango, a je a dawo. Yaron ya ce ƙafarsa na rawa, kocin ya ce, "Kai, da wannan ragwancin za ka shiga soja? Ai ciwon shi ne aikin." Washegari ya koma, don kada a ce ya gudu. Kwana na uku da asuba sai ga wayarsa. "Kawu, fitsarina ya koma kamar baƙin shayi, kuma na kasa tsugunawa a banɗaki." Na je na tarar cinyoyin nan sun kumbura sun yi tauri kamar icce. Kwana biyar ya yi a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa, leda na ƙarewa ana rataya wata.

Likitan ya yi mana bayani a tsaye. Tsoka idan aka ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta farat ɗaya, sai ta farfashe daga ciki, wani sinadari nata mai suna mayoglobin ya malala cikin jini, ya je ya cushe matatar ƙoda. Su likitoci rabdo suke kiran abin a taƙaice. Zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna ƙara masa wuta. Allah Ya sa an zo da wuri, ƙodar ta tsira.

Da na je wajen kocin ban je da faɗa ba. Mutumin kirki ne, har asibiti ya zo da lemo da ayaba, kuma na ga damuwa a fuskarsa. Na ce masa, "Koci, don Allah a ina ka koyi aikin nan?" Sai ya naɗe hannun riga ya nuna min dantsensa. "Yallaɓai, shekara goma sha biyu ina ɗaga ƙarfe."

To a nan gizo ke saƙar. Shekara goma sha biyun nan jikinsa ya koya, jiki ɗaya tak, kuma jikin da ya yi sa'a. Bai taɓa koyon jikin wani ba. Wanda ya daɗe yana shiga mota bai zama bakanike ba, amma a harkar motsa jiki mun yarda duk wanda ƙirjinsa ya cika riga ya cancanci a damƙa masa zuciya da ƙoda da kashin bayan 'ya'yan mutane.

Kada wani ya ɗauka cewa mu kaɗai ne da wannan ɗanyen aikin. A watan Janairun 2011, 'yan wasan ƙwallon Amurka 13 na Jami'ar Iowa aka kwantar a asibiti da irin wannan rabdo, bayan an sa su tsugunon ƙarfe sau 100 suna dawowa daga hutu. A 2018 wani ɗan wasan Jami'ar Maryland, Jordan McNair, zafi ya buge shi a wajen atisaye, bayan kimanin mako biyu ya rasu. Bambancinmu da su shi ne, su abin yana zama darasi a rubuce. A 2019 ƙungiyoyin masu horar da ƙarfin jiki na can suka fitar da ƙa'ida cewa sabon shiga, a makon farko a rage masa rabin aikin, a na biyu a rage kashi 30 cikin 100, sai 20, sai 10, kafin ya kai ga cikakken nauyi. Ƙa'idar ba ta da wuyar haddacewa. Da kocinmu ya taɓa jin ta, da yayata ba ta kwana biyar a kan tabarmar asibiti ba. Mu ma ai mun san ba a fafe gora ranar tafiya, sai dai ba mu kai karin maganar cikin jim, wato gidan motsa jiki, ba.

Su ma ba da ilimin aka haife su ba. Sai a 1969 Jami'ar Nebraska ta ɗauki Boyd Epley aiki don kawai ya riƙa gina ƙarfin 'yan wasa, a lokacin da kociyoyi da yawa ke ganin ɗaga ƙarfe yana sa ɗan wasa nauyin jiki. Shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar masu horar da ƙarfin jiki ta Amurka, NSCA, a 1978, kuma a 1985 suka fara ba da shaidar ƙwarewa a wannan aiki mai suna CSCS. Kafin ka zauna jarrabawar sai kana da digiri ko kana ajin ƙarshe, sai kana da shaidar iya farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Jarrabawar kashi biyu ce, ɗaya kimiyyar jiki da abinci, ɗaya aiki a aikace. Kuma duk shekara uku sai ka sabunta, ka nuna ka ƙaro sani. Birtaniya ma ta kafa tata ƙungiyar a 2004. Wato sana'a ce da aka gina da hannu a cikin shekarun da iyayenmu suka gani da idonsu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mun fi su bukatar wannan ilimin. Kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu a Najeriya jinin AS gare shi. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana gudu, yana ƙwallo, yana dambe, kuma babu mai cewa a hana shi. Amma idan aka matsa masa da gudun fitar rai ba hutu, cikin zafi da ƙishirwa, jininsa na iya murɗewa irin na mai sikila, ya yanke jiki ya faɗi cikin 'yan mintuna. Bayan mutuwar wani ɗalibin Jami'ar Rice a 2006, hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta shigo da gwajin wannan jinin ga 'yan wasan babban rukuni daga 2010. A ƙasar da masu AS tsiraru ne ke nan. Mu nan, da muke tambayar jinin juna kafin a kai kuɗin gaisuwa, nawa ne cikin gidajen motsa jikinmu ke tambayar sabon shiga nau'in jininsa? Ɗan yayata AS ne. Ba wanda ya tambaye shi.

Ga zafi. Kano da Sakkwato da Maiduguri da Zinder suna kai maki 40 a bazara kamar wasa. Jiki na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Kuma wanda zafi ya buga har ya fara sambatu, ba ɗaukarsa ake fara yi a jefa a Keke ba, sanyaya shi ake fara yi nan take da ruwan sanyi da ƙanƙara, sannan a nufi asibiti. Ga azumi kuma: wane lokaci ya kamata mai azumi ya yi atisaye, kuma da wane nauyi? Littafin da aka rubuta a ƙasar dusar ƙanƙara ba zai ba wannan babi mai tsawo ba. Mu ne ya kamata mu rubuta shi.

Sai zuciya. Manyanmu ba su manta Samuel Okwaraji ba, da ya faɗi a filin wasa na Surulere ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola. Mun ga Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon a 2003. Mun kuma ga Christian Eriksen ya faɗi a Kofanhagan a 2021, amma shi ya tashi, har ya koma buga ƙwallo, domin cikin 'yan mintuna an hau danna masa ƙirji an jona masa na'urar farfaɗo da zuciya. Rai a hannun Allah yake, ba mai musu. Amma danna ƙirji abu ne da ake koya a yini ɗaya, kuma Red Cross na koyarwa a ƙasar nan. Yanzu masu zuwa jim ba samari kaɗai ba ne. Akwai alhazai masu hawan jini da ciwon suga waɗanda likita ya ce su rage tumbi, akwai mata masu son jikinsu ya dawo bayan haihuwa. Su ma tsallen kwaɗon za a ba su?

Maganar ƙwayoyi kuwa, bari in taɓa ta kawai in wuce. Duk wanda ya san jim ya san ana sayar da allurar kumbura tsoka da sha-ka-fashe a bayan labule, kuma sau da yawa wanda ake kira koci shi ne dillalin. Tiramol ma da wasu ke sha don su daina jin gajiya, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga farkon 2024.

Na san abin da wasu za su ce: to a je a yi kwas. Wane kwas? Irin wanda ake yi Asabar da Lahadi a ɗakin taron otal, a ci shinkafa da kaza, a ɗauki hoto da takarda mai tambarin zinare? Ko na intanet da ake gamawa kafin caji ya ƙare? Wannan ya fi rashin takardar haɗari, don yana ƙara wa jahilci ƙarfin hali. A ɗaya ɓangaren kuma muna da sassan ilimin motsa jiki a ABU Zariya da BUK, muna da cibiyar horar da kociyoyi ta ƙasa a Surulere. Ilimi na nan. Amma na sha haɗuwa da masu digirin da za su lissafa maka sunan kowace tsoka da Latin, a ba su mutum a ce su gyara masa tsayuwar bayansa yayin ɗaga ƙarfe daga ƙasa, sai su tsaya kallon juna. Mai littafi na aji, mai ƙarfe na lungu, ba sa ga maciji.

Ni a ganina hanyar da ta dace da mu ita ce wadda muka riga muka sani, ta koyon sana'a a hannun ubangida, sai dai a ɗaure ta da karatu da jarrabawa. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna tana da tsarin shaidar ƙwarewa hawa-hawa, wanda ke auna abin da hannunka ya iya, har ya yi la'akari da abin da ka koya a wajen makaranta. Me zai hana a shigar da wannan sana'ar ciki da gaske? Hawan farko, taimakon gaggawa da tambayoyin da ake yi wa sabon shiga da awon jini. Na gaba, tsara atisayen wata uku a rubuce, yaushe za a ƙara nauyi, yaushe za a sassauta. Na sama, aiki da 'yan ƙwallo da 'yan dambe da 'yan kokawa, watanni a ƙarƙashin idon wanda ya iya, ba sa'o'i ba. Kuma a koyar da Hausa. Kocin da nake ba ku labari sakandare ya gama da kyar, amma kansa na ja. Idan aka ce sai ya iya Turancin jami'a kafin ya san abin da ke kashe ƙoda, an rufe masa ƙofa, shi kuma ba zai rufe jim ɗinsa ba.

Kuma kada a ce sai da na'urori masu tsada. Akwai wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 da FIFA ta fitar, ana kiransa 11+, ba ya bukatar komai sai fili da ƙwallo. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon ya fito a 2014, raunuka suka ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A ƙasarmu aka yi, da yaranmu. Ka zaga filayen unguwa da yamma ka ƙirga kociyoyin da suka taɓa jin sunansa.

Makon jiya na sake leƙawa jim ɗin. Na tarar kocin ya sayi littafi mai bango ja ya ajiye a kan benci. Duk sabon zuwa sai ya rubuta shekarunsa, da nau'in jininsa, da ko yana shan maganin hawan jini. Ya kuma ajiye kula da ƙanƙara a bakin ƙofa. Ya raka ni har wajen babur, yana ta juya makulli a hannu, sannan ya ce, "Yallaɓai, abin nan na rage rabi a makon farko, sake faɗa min in rubuta." Na karɓi biron na rubuta masa a bayan littafin: 50, 30, 20, 10. Ɗan yayata kuwa tantancewar bana ta wuce shi. Yanzu da asuba yake fita, tafiya da sassarfa, gorar ruwa a hannu, yana jiran ta baɗi.